Power Mike: Mai sayar da taya a Kano da ya zama zakaran kokawar Afirka

Tun kafin gidajen motsa jiki su cika unguwannin Kano da Kaduna da Abuja, tun kafin samarin Zurmi da Shinkafi su fara cika gwangwani da siminti suna soka ƙarfe a tsakiya don ɗagawa, an yi zamanin da duk yaron da ya gagari sa'o'insa a makaranta laƙabi ɗaya ake ba shi, wato Power Mike. Da yawa daga masu kiran sunan ba su san cewa mai shi Michael Okpala ake ce masa ba, balle su san cewa a birnin Kano ya fara nuna ƙarfinsa a bainar jama'a.

An haifi Michael Okpala a 1939 a garin Neni, wanda yake cikin Jihar Anambra a yau. Karatunsa bai wuce firamare ba. A 1952 ya nufi Onitsha don koyon kasuwanci, bisa al'adar Ibo ta ajiye yaro a hannun ubangida na wasu shekaru, ya yi hidima, ya koyi saye da sayarwa, daga bisani a sallame shi da jari. A can ya shiga ƙungiyar damben zamani mai ɗauke da sunan Dick Tiger, ɗan damben da ya zama zakaran duniya a ajin matsakaita nauyi a 1962 bayan ya doke Gene Fullmer na Amurka. Dick Tiger ne gwanin da matashin ya ɗauka abin koyi.

Neman abinci ne ya kawo shi Kano, inda ya kama cinikin taya, ya kuma taɓa koyon kanikanci. Kanon wancan lokaci gari ne na dalar gyaɗa. Manyan motoci na kwaso gyaɗa da auduga daga ƙauyuka zuwa tashoshin jirgin ƙasa, tun daga Nguru har Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya tuƙe tun 1929, kuma hanyoyin burji na cin taya kamar wuta ta samu kara. Sana'a ce mai riba, amma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ɓare tayar babbar mota daga wili da guduma da ƙarfe, ya san ba aikin rago ba ne. A cikin wannan hada-hadar Okpala ya gane cewa jarinsa mafi girma yana jikinsa.

Wasan da ya shirya mai sauƙin fahimta ne, ba ya bukatar tafinta. Yakan lanƙwasa ƙusa mai inci shida da hannu, ya fasa kwakwa da hannu, ya ɗaga ƙarti da dama lokaci guda, ya kuma tsaya shi kaɗai ya yi ja-in-ja da igiya da gungun mutane. Kanawa ba baƙin ganin ƙarfi ba ne. Suna da damben mahauta, da kokawar bayan kaka, da 'yan tauri, da gardawa masu wasa da kura. Sai dai waɗannan duk suna da gidan da aka gaje su, da lokacinsu, da makaɗan da ke zuga su. Shi kuwa baƙo ne da ba shi da kalangu a bayansa, ya zo da tsarin da Turawa suka daɗe da shi, inda mutum ke gina jikinsa, ya hau dandamali, a biya kuɗin shiga a kalle shi. Eugen Sandow, Bajamushen da ake ɗauka uban wannan fage, da irin wannan wasa ya yi suna kafin ya shirya babbar gasar masu gina jiki a Landan a 1901.

A 1961 Power Mike ya fara zagaya biranen Najeriya, daga Onitsha da Inugu da Aba zuwa Legas da Jos da Kaduna. A 1964 ya tsallaka Ghana, daga nan ya bi ta Kwaddibuwa da Senegal har ya kai Turai. Ya yi wasa a Suwidin, amma a Girka ne ya koyi kokawar zamani, wadda aka fi sani da resilin, ya mai da ita sana'a.

Yana can ƙasar waje gida ya rikice. Kashe-kashen 1966 sun sa 'yan kabilarsa sun bar Sabon Garin Kano da sauran garuruwan Arewa ɗungurungum, sannan yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Gwaninsa Dick Tiger ya goyi bayan Biyafara, ya mayar wa Birtaniya lambar girmamawar da ta ba shi, ya yi asarar dukiya mai yawa, ya rasu a 1971 da ciwon dajin hanta. Ƙaddarar almajirin ta bi wata hanya dabam. A 1970, shekarar da yaƙin ya ƙare, Power Mike ya kayar da Massambula na Gambiya ya zama zakaran Afirka a ajin masu nauyi. A ƙasar da raunukanta ba su warke ba, ganin Bahaushe da Bayarabe suna tafa wa Inyamuri, suna kuma kiransa namu, ba ƙaramin abu ba ne, ko da kuwa a filin wasa ne.

Daga nan nasarori suka biyo juna. Ya doke Ali Baba ɗan Labanan a 1973, ya kuma kayar da Johnny Kwango na Birtaniya a Legas. Gaskiya ne resilin ba kamar dambe ba ne, akwai shiri da wasan kwaikwayo a cikinsa, kuma masu bin sa a yau sun san haka. Amma ɗaga ƙato mai nauyin buhun masara sama da kai, a kuma maka shi da ƙasa, ba ya yiwuwa da dabara kaɗai. Ya yi ritaya a 1976 da kambunsa a hannu, bai kai shekara arba'in ba, bai jira wani yaro ya zo ya kunyata shi ba. Kaɗan ne daga cikin mazajen fage suke iya wannan haƙuri.

Ɗan kasuwan da ke cikinsa sai ya sake fitowa. Ya kafa kamfanin shirya wasanni mai suna Power Mike International Promotions, ya riƙa ɗauko 'yan kokawa daga ƙetare, irin su Mil Mascaras na Meziko mai rufe fuska da Mighty Igor. Lokacin kuɗin fetur ne, Naira ta fi Dala daraja, don haka biyan baƙo daga Amurka bai gagari ɗan Najeriya ba. Gidajen talabijin suna nuna wasannin, yara suna taruwa a tagar duk gidan da ke da akwatin kallo. Wannan kasuwa ta dogara ne kan ƙarfin Naira. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajarta, kuɗin jirgi da ladan baƙi suka ninka, sannan kaset ɗin bidiyo da tauraron ɗan'adam suka kawo su Hulk Hogan har cikin ɗaki. Mai kallo ya daina bukatar zuwa fili, harkar ta yi ta ja da baya.

A nan ne ɗan damben gargajiya ya fi shi sa'a. Shago ya daɗe da barin fage, ya daɗe da barin duniya, amma saboda waƙar da Ɗan Anace ya yi masa, direban da ke tsakanin Zurmi da Gusau yana iya kunna rediyo ya ji sunansa yau, har yaron motarsa ya tambaya ko wane ne. Power Mike ya dogara ne da jarida da talabijin, takarda kuwa tana ruɓewa, faifai yana lalacewa. Abin da ya rage nasa ya fi yawa a kawunan waɗanda suka gan shi, kuma mafi ƙanƙantarsu yanzu sun fara furfura.

Shekarunsa na ƙarshe sun zo da doguwar jinya, jikin da ya lanƙwasa ƙarfe ya koma sai an taimaka masa. Ya rasu a watan Maris na 2004 a Asibitin Ƙasa da ke Abuja, yana da shekara 64.