Marigayi Alhaji Mamman Shata da Cinikin Faifansa

'Yan'uwa mazauna Hausari da Gamboru da sauran unguwannin Maiduguri, a wannan fitowa mun ɗauko tarihin mutumin da muryarsa ta riƙa ɗebe wa iyayenmu kewar gida, wato marigayi Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina, Allah ya jiƙansa.

An haifi Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafillace ne, kuma bai so ɗansa ya yi waƙa ba, don a wurinsa roƙo ne. Mu 'yan kasuwa sai mu ce namu ne kafin ya zama na kowa, domin da tallan goro da alewa ya fara, a nan bakin ya buɗe. Daga baya ya zauna Bakori, ya yi Kano, ya yi Funtuwa, shi da makaɗan kalangunsa da 'yan amshi. Ba ya rubuta waƙa ya haddace. Kalangu na tashi, magana na zuwa.

To, yadda muryar ta iso mana nan Borno ita ce maganarmu. Rediyon Kaduna ya fara shigar da shi gidaje. Kamfanin EMI kuma ya ɗauki waƙoƙinsa a faifan garmaho, kuma da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, kayan Kano da Kaduna suka ƙara sauƙin samuwa, har da faifai. Amma garmaho sai mai hali. Cinikin gaske ya buɗe ne da zuwan kaset, musamman bayan kuɗin Udoji na 1975, lokacin da ƙaramin ma'aikaci ma ya sayi rikoda. Mu da muka yi wayo a shekarun 1980 mun ga abin da idonmu a Kasuwar Monde: direban babbar mota, mai shayi, fatake masu hanyar Baga da Gamborun Ngala, kowa da Bakandamiya a aljihu. Kai, har 'yan'uwanmu Barebari da ba su cika jin Hausa ba suna saye.

Sai dai akwai inda ba mu da gaskiya. Yawancin kasusuwan nan ba na kamfani ba ne. A sayi guda ɗaya na asali, a zauna bayan rumfa da rikoda biyu a yi ta kwafa, a rubuta suna da biro, a sayar. Ko sisi ba ya kai wa mai waƙar. Gwamnati ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, amma ba mu ga ta hana komai a layinmu ba. A Islamiyya an karantar da mu haƙƙin ɗan'uwa, mun sani sarai, muka kau da kai don ciniki na tafiya. Abin da ya rufa wa Shata asiri shi ne bai dogara da faifai ba. Arzikinsa daga hannun sarakuna da attajirai da wuraren biki yake fitowa, kaset ɗin da muke kwafa kuwa sai ya zama kamar talla. Wannan dai ba ya wanke mu.

A 1988 ɗin ne Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin Dakta na girmamawa. Ya rasu a watan Yunin 1999 a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka kai shi Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka binne shi a can. Allah ya gafarta masa, ya yafe mana abin da muka ci nasa.