Ferdinand Adolph Lange, Maƙerin Agogon Da Ya Raya Gari

A wannan mako mun kawo muku tarihin wani Bajamushe mai suna Ferdinand Adolph Lange.

An haife shi a birnin Dresden ranar 18 ga Fabrairu, 1815. Iyayensa sun rabu tun yana ƙarami, sai wani ɗan kasuwa ya riƙe shi, ya sa shi makaranta. Yana ɗan shekara 15 ya fara koyon ƙirar agogo a wurin wani gwani mai suna Gutkaes. Daga baya ya tafi birnin Paris na Faransa ƙaro ilimi, da ya dawo kuma ya auri 'yar maigidansa.

A kudu da Dresden akwai wani ƙaramin gari cikin duwatsu, ana kiran sa Glashütte. Da haƙar azurfa mutanen garin suka dogara, to sai azurfar ta ƙare, talauci ya yi musu katutu. Lange ya yi ta rubuta wa gwamnatin Saxony wasiƙu yana neman rance don ya koya wa matasan garin sana'a, har dai aka ba shi. Ranar 7 ga Disamba, 1845 ya buɗe masana'antarsa da yara 15, waɗanda ba su san komai game da agogo ba. Shekarun farko ya sha wuya, ga bashi a wuyansa.

Abin da ya fi burge mu shi ne bai riƙe yaran a ƙarƙashinsa ba. In yaro ya ƙware, sai ya ƙarfafa masa gwiwa ya buɗe nasa shagon, wannan yana yin hannayen agogo, wancan yana yin gidan agogon. A haka garin ya farfaɗo. Mutanen garin kuwa sun ba shi shugabancinsu har tsawon shekara 18. Agogon aljihu yake ƙerawa, domin a lokacin ba a saba ɗaura agogo a hannu ba. Ya rasu ranar 3 ga Disamba, 1875, 'ya'yansa suka gaje shi, da sunan A. Lange & Söhne, wato Lange da 'ya'yansa.

A 1948 gwamnatin gurguzu ta ƙwace kamfanin, sunan ya ɓace. Sai a 1990, bayan haɗewar Jamus, tattaɓa-kunnensa Walter Lange ya sake kafa shi a Glashütte. A 1994 suka fito da sababbin agogunan hannu guda huɗu, ciki har da Lange 1 da Saxonia.