TARIHI: James Hadley Chase, Baturen da ya rubuta rayuwar 'yan daban Amurka yana zaune a Ingila

Yau ba jarumin fim ko mawaƙi muka ɗauko ba, marubuci ne. Amma in kana kallon finafinan daba irin su A Duniya, ko na Indiya da ake fashi a ci amanar juna wajen rabon kuɗi, to tarihin mutumin nan ya shafe ka. Ka tambayi duk wani baba ko kawu a majalisar Daurawa ko Gyaɗi-Gyaɗi wanda ya yi sakandare a shekarun 1970 zuwa 1980, ka ce masa Hadley Chase. Za ka ga ya yi murmushi. A lokacinsu littattafansa hannu-hannu suke yawo har bango ya cire, wasu ma a cikin littafin darasi suke ɓoye su saboda hotunan matan da ke bangon.

Asalinsa

Sunansa na gaskiya René Lodge Brabazon Raymond. An haife shi a Landan ranar 24 ga Disamba, 1906. Mahaifinsa Kanar ne a rundunar sojan Ingila da ke Indiya, kuma likitan dabbobi. Ya yi karatu a King's School da ke Rochester, amma yana ɗan shekara 18 ya bar gida ya shiga neman na kansa. Ya yi tallan littattafan ilimi na yara gida-gida, daga baya ya samu aiki a kamfanin dillancin littattafai. Ya yi aure a 1932, matarsa Sylvia, suka haifi ɗa ɗaya.

Aikin dillancin nan shi ne jami'arsa. Kullum yana ganin littafin da ake wawaso da wanda ke kwantai. A lokacin kuwa labaran 'yan daban Amurka ke tashe, domin daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da giya a ƙasar, abin da ya sa gungun masu fasa-ƙwauri irin na Al Capone a Chicago suka yi ƙarfi da kuɗi da bindiga. Da ya karanta littafin James M. Cain mai suna The Postman Always Rings Twice na 1934, sai ya ga ai shi ma zai iya.

Littafin da ya tayar da ƙura

Matsalar ita ce bai taɓa taka Amurka ba. To ya aka yi? Taswirori ya nemo, da ƙamus na karin maganar 'yan tasha na Amurka, da labaran da ake bugawa a kan wata tsohuwa Ma Barker da 'ya'yanta 'yan fashi. Da waɗannan ya zauna a ranakun hutun ƙarshen mako ya rubuta No Orchids for Miss Blandish, ya fito a 1939.

Labarin 'yar wani hamshaƙin attajiri ne da wasu ƙananan ɓarayi suka sace saboda sarƙarta ta lu'ulu'u. Kafin su more, wani gungu da ya fi su ƙarfi ya kashe su ya karɓe yarinyar. Shugabar gungun tsohuwa ce, Ma Grisson, ga ɗanta Slim wanda kisa ba komai ba ne a wajensa. An biya kuɗin fansa amma ba su sake ta ba. Daga ƙarshe ɗan bincike Dave Fenner da 'yan sanda sun gama da gungun, sai dai yarinyar ta riga ta lalace a zuci, ta kasa komawa rayuwarta, ta hallaka kanta. Babu biki, babu waƙa, haka ya rufe littafin.

Ya yi kasuwa sosai, har sojoji a fagen Yaƙin Duniya na Biyu suna karanta shi. Shi ma Chase ya yi aikin sojan sama a yaƙin, ya kai muƙamin shugaban rukuni, kuma yana cikin masu tace mujallar rundunar.

Amma fa ya sha suka. A 1942 kotu a Landan ta ci shi tarar fam 100, shi da kamfanin da ya buga masa wani littafin, Miss Callaghan Comes to Grief, saboda batsa. A 1944 George Orwell, mai littafin Animal Farm, ya rubuta doguwar maƙala a kan Miss Blandish. Ya yarda an iya rubutun, amma ya ce littafin yana koya wa mai karatu girmama ƙarfi da mugunta. An kuma zarge shi da kwaikwayon labarin Sanctuary na William Faulkner, sannan marubuci Raymond Chandler ya kama shi da ɗibar masa jimloli a wani littafi, dole ya fito ya ba da haƙuri a rubuce. Wannan tabo ne a tarihinsa, ba abin ɓoyewa ba.

Sirrin alƙalaminsa

Nan ne masu son rubuta fim ya kamata su buɗe kunne. Yawancin taurarin Chase ba manyan 'yan daba ba ne tun farko. Mutum ne kamar ni kamar kai: mai sayar da inshora, direba, ma'aikacin banki, wanda bashi ya yi wa katutu ko wata mace ta juya masa kai. Sai dama ta zo, kuɗi masu yawa a saukake. Sai a zauna a tsara komai tsaf. Kai mai karatu har ka fara taya su addu'a kar a kama su. Sai wani ɗan ƙaramin abu da ba a lissafa da shi ba ya kunno kai: wani ya gani ta taga, wani ya sha ya yi surutu, wani ya ga rabonsa ya yi kaɗan. Daga nan sai zargi, sai cin amana, sai gawa.

Ba ya tsayawa wa'azi, ba ya dogon bayani. Jimlolinsa gajeru ne, hira ce ke jan labarin, kuma kusan kowane babi yana ƙarewa a inda dole ka buɗe na gaba. Amma in ka ajiye littafin, darasin ya shige ka: kwaɗayi mabuɗin wahala. Har wani gari ya ƙirƙira a jihar Florida mai suna Paradise City, da ɗan sandansa Tom Lepski, ya yi ta kai labaransa can. Ita kanta Amurkar sai daga baya ya leƙa ta, shi ma ziyara ce gajeriya.

Ya rubuta littattafai kusan 90, wasu da sunayen aro kamar Raymond Marshall, kuma an mayar da kusan 50 fim. Akwai Eva na 1962 wanda Jeanne Moreau ta fito, da The Grissom Gang na 1971 na darakta Robert Aldrich. Masoya Indiya kuma, fim ɗin Johnny Gaddaar na 2007 darakta Sriram Raghavan ya sadaukar da shi ga Vijay Anand da kuma Chase.

Ƙarshensa

Mutum ne mai gudun jama'a da 'yan jarida. Ya koma Faransa a 1956, inda suka ɗauke shi babban marubuci fiye da yadda 'yan ƙasarsa suka ɗauke shi, sannan ya koma Suwizalan a 1969. Littafinsa na ƙarshe ya fito a 1984, ya mutu a garin Corseaux ranar 6 ga Fabrairu, 1985, yana da shekara 78.

Muhawarar da aka yi a kansa ita ce muke yi yau a Kano. A 2021 Hukumar Tace Finafinai ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, saboda tsoron kar matasa su kwaikwaya. Tsoron yana da hujja, don duk wanda ke zaune a Tarauni ya san abin da ƙwacen waya ya yi wa mutane. Amma marubutanmu na titin Gidan Zoo suna da abin da Chase bai samu ba: shi taswira da ƙamus ya dogara da su, mu kuwa a layinmu abin yake. Mun san uwar yaron, mun san ranar da ya bar makaranta, mun san wanda ke ba shi kuɗin ƙwaya lokacin zaɓe. In aka rubuta wannan da gaskiya, har da kukan uwa da zaman gidan yari na Kurmawa, ba na jin akwai yaron da zai kalla ya yi sha'awar ɗaukar wuƙa.

Sai mun haɗu a tarihi na gaba, in Allah ya kai mu.