Muhammadu Bello, Mai Wurno

Mu nan Rara, Mai Wurno na gida ne. Ɗan Shehu Usmanu ne, yayan Nana Asma'u. Da ƙuruciya ya ɗauki takobi, yana cikin jagororin da suka ci Alkalawa a 1808, ya kafa Sakkwato a 1809. Amma fa bai aje alƙalami ba. A 1812 ya rubuta Infaƙul Maisuri, tarihin jihadin da ya gani da idonsa. Lokacin ba injin buga littafi a ƙasarmu, da hannu ake kwafar kowane shafi. Ya zama Sarkin Musulmi a 1817, ya rasu a Wurno a 1837, can kabarinsa yake. Da bai rubuta ba, da labari mai yawa ya bi masu shi kushewa. Allah ya jiƙansa.