Alhaji Mamman Shata da Makirufo

Ya kai ɗalibi, wataƙila ka taɓa jin muryar Alhaji Mamman Shata tana tashi daga rediyon mai shayi ko cikin motar haya a nan Maiduguri. Mai muryar ya rasu tun kafin a haife ka, garinsu kuma yana da nisan ɗaruruwan kilomita daga Borno. To, yaya aka yi muryarsa ta iso kunnenka? Ga tarihinsa.

An haifi Mamman Shata a garin Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, Bafulatani ne, kuma bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba. Tun yana yaro Mamman ya yi tallar goro da alawa. A dandali yake rera waƙa tare da samari da 'yan mata, don nishaɗi kawai. Sannu a hankali waƙa ta zama sana'arsa. Ya tara makaɗan kalangu da 'yan amshi, ya shiga gari-gari. Ya zauna a Bakori da Funtuwa da Kano.

A farkon zamaninsa, maƙogwaro shi ne jarin mawaƙi. Dole muryarsa ta rinjayi ƙarar ganguna da hayaniyar jama'a. Wanda ya tsaya nesa ba ya jin komai, wanda bai halarci taron ba kuwa sai labari. Shata ba ya rubuta waƙoƙinsa. Nan take yake tsara su a gaban jama'a, gwargwadon abin da idonsa ya gani. Irin wannan waƙa tana iya ɓacewa da zarar an watse.

A nan ne makirufo ya yi rana. Ka lura da fatar kalangu, yadda take rawa idan an buga ta. A cikin makirufo ma akwai wani ɗan faifai siriri mai kama da ita. Idan murya ko kiɗa ya doke shi sai ya yi rawa, na'urar ta mayar da rawar zuwa siginar lantarki. A filin wasa, lasifika ce take karɓar siginar ta ɗaga sautin har na bayan taro ya ji. A ɗakin ɗaukar sauti kuwa, adana shi ake yi a faifan garmaho ko a kaset. Can akwai ƙa'ida: mawaƙi ya matso kusa, makaɗa su ɗan ja baya, don kada kiɗa ya danne magana.

Shata ya ci moriyar wannan na'ura ƙwarai. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya yaɗa waƙoƙinsa ko'ina a Arewa har zuwa Nijar da Gana da Kamaru. Ya yi wa sarakuna da attajirai waƙa, ya yi wa manoma da direbobi. A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa wa sojoji gwiwa. Fitacciyar waƙarsa ita ce Bakandamiya. Mutane da yawa waɗanda Hausa ba harshen gidansu ba ce, kamar kai, sun tsinci kalmomi da karin magana daga bakinsa.

A shekarar 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Allah ya yi masa rasuwa a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura.

Waƙoƙinsa da aka ɗauka suna nan har yau. Waɗanda ya rera inda babu na'ura sun tafi tare da masu sauraronsu. Kai ma a unguwarku akwai tsofaffin da suka san waƙoƙin Kanuri, ko na Shuwa, ko na Babur. Wayar hannu tana da makirufo. Ka nemi izininsu, ka ɗauki muryarsu tun suna raye.

Tambayoyi
1. A ina aka haifi Mamman Shata, kuma a wace shekara?
2. Bayyana yadda makirufo yake aiki.
3. Me ya sa wasu waƙoƙin Shata suka ɓace?