Marigayi Muhammadu Durugu, Babban Gwanin Zazzau

A cikin magina na ƙasar Hausa babu wanda sunansa ya kai na Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Ya rayu a ƙarni na 19, kuma shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Matsalar da ya tarar kowane magini ya san ta. Azarar giginya ba ta jin gara, amma idan aka ɗora mata ƙasar rufi, ba ta ƙetare fiye da kamar mita 2 sai ta lanƙwashe. Masallacin Juma'a kuwa fili yake buƙata, inda sahu zai miƙe. Durugu ya nemi mafita a wurin ɗauri. Ana kafa azara cikin bango ko ginshiƙi, a bar kanta ya leƙo. A ɗora wata a bisanta ta zarce ta kaɗan, a ɗaure mahaɗarsu da igiya tamau, a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe kafin a ƙara wata. Haka ƙafafu biyu ke tasowa daga ɓangarori biyu har su gamu a sama su zama bakan gizo. Inda bakuna suka gitta juna shi ne ɗaurin guga, wanda ke ɗauke da tulluwa. Nauyin rufi yana bin mahaɗa zuwa mahaɗa har ya sauka ƙasa. In guda ta saki, masu salla ne a ƙarƙashi. Magina sun san wannan dabara kafin shi, amma shi ya kai ta matuƙa.

Ana danganta masa wani babban soro a Kafin Madaki, ƙasar Bauci. Labarin baka ya ce a Birnin Gwari aka kashe shi bayan ya gama wani gini, don kada ya yi wa wani sarki irinsa. Har yau akwai unguwa mai sunansa a Zariya.

Wannan sana'a ta iso nan ƙasarmu. A Yama, cikin jihar Tawa, Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa a 1962, ya sake rufinsa da baka da tulluwa a 1975, masallacin kuma ya samu kyautar Aga Khan a 1986. Allah ya jiƙan Babban Gwani da rahama, amin.