Malam Aminu Kano: Daga aji gwagwarmayar ta faro

Yawancinmu mun san marigayi Malam Aminu Kano ne a matsayin jagoran NEPU da PRP, amma a ganina duk malamin da ke bin haƙƙinsa na albashi ko fansho ya kamata ya fara tuna shi da alli a hannu.

An haife shi a Kano a 1920. Bayan ya gama Kwalejin Kaduna sai ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi, inda shi da Sa'adu Zungur suka raya zauren tattaunawa. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimi, da ya dawo kuma ya tsaya tsayin daka har aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, shi ne sakatarenta. Wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne, domin a zamanin galibin malamai ma'aikatan En'e ne, wanda kuwa ya ɗaga murya a kan albashi yana iya wayar gari an jefa shi wani lungu. Shi kansa Maru aka mayar da shi.

A 1950 ya ajiye koyarwa ya rungumi siyasa. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983.